Bairos ta Hanyar Imel da Tsaron Kwamfutar Gida: Tambayoyi da Amsoshi

Na daɗe ina gyaran kwamfuta, kuma galibin waɗanda ke kawo mini tasu bayan bairos ya yi mata ɓarna labarinsu ɗaya ne: wani saƙo ya shigo, suka ga kamar na gaske ne, suka danna. Tambayoyin da ke ƙasa su ne ake ta maimaita mini, a shago da kuma a gida wajen 'yan uwa, kuma na rubuta su yadda ake yi mini su. Bayanin ya fi karkata ga Windows, domin shi ne a kan kusan duk kwamfutar da ke shigowa hannuna.

Malam, wai da gaske buɗe imel kawai yana iya sa wa kwamfuta bairos?

A yau da wuya ƙwarai. Idan ka buɗe saƙo a Gmail ko Yahoo ta burauza, ka karanta rubutun da ke ciki, ba abin da zai same ka. Tsoron da mutane ke ji yana da asali. A 2001 wani bairos mai suna Nimda ya bi ta wata kafa da ke jikin burauzar Internet Explorer da Outlook, manhajar imel ta Microsoft, ta yadda leƙa saƙon kaɗai ya isa ya shiga. An daɗe da toshe wannan. Jefi-jefi akan sake gano irinta, kamar wadda kamfanin Microsoft ya toshe a Outlook na kwamfuta a watan Maris na 2023, amma maganinta sabunta manhaja ne, ba daina karanta imel ba.

Inda mutane ke faɗawa wuri biyu ne: fayil ɗin da aka maƙala a jikin saƙon, da linkin da aka ce a danna. Duka biyun sai da hannunka. Shi ya sa masu wannan aiki ba sa wahalar da kansu wajen fasa kwamfutarka, kai suke lallaɓawa ka buɗe musu ƙofa. Za su ce rasit ne, ko takardar ɗaukar aiki, ko kayanka sun maƙale a kwastan, ko za a rufe maka asusu nan da awa 24. Duk saƙon da ya sa gabanka ya faɗi, ko ya sa ka rawar jiki don murna, shi ne wanda ya kamata ka ajiye na minti biyar kafin ka taɓa.

To idan daga wanda na sani saƙon ya fito fa?

Nan gizo ke saƙar. Da ɗan gari akan ci gari, kuma masu bairos sun san haka tun da daɗewa.

A ƙarshen watan Maris na 1999 bairos ɗin Melissa ya ɓulla a Amurka cikin fayil ɗin Word. Da zarar ka buɗe, sai ya tura kansa ga mutum 50 na farko a jerin adireshin da ke Outlook ɗinka, da sunanka a kai. Kowane ɗayansu ya ga saƙo daga aboki, ya buɗe, shi ma ya tura wa nasa 50 ɗin. Wanda ya rubuta shi, David L. Smith, daga baya an yanke masa wata 20 a gidan yari.

Shekara guda bayan nan, ranar 4 ga Mayu 2000, wanda ya fi shi ya taso daga birnin Manila na ƙasar Filifin. Taken saƙon ILOVEYOU, an maƙala masa fayil da aka ce wasiƙar soyayya ce. Wannan bai tsaya ga mutum 50 ba, kowa da kowa ya tura wa, sannan ya bi hotunan da ke kwamfuta ya lalata su. Cikin 'yan kwanaki ya kama miliyoyin kwamfutoci, har majalisar dokokin Birtaniya da ma'aikatar tsaron Amurka suka rufe imel ɗinsu na ɗan lokaci. Ɗalibin da aka zarga, Onel de Guzman, ba a hukunta shi ba, domin a lokacin ƙasar ba ta da dokar da ta hana hakan.

Na zamani sun fi waɗannan wayo. Emotet, wanda 'yan sandan ƙasashen Turai da Amurka suka rushe cibiyoyinsa a Janairun 2021 ya kuma dawo a Nuwambar shekarar, yakan sace tsohuwar hirar da kuka yi da wani ta imel, ya amsa a cikinta. Ka ga maganarka ta makon jiya a ƙasa, a sama kuma an ce ga takardar da ka nema. Wa zai yi shakka?

Abin da nake yi, kuma nake gaya wa kowa: fayil ɗin da ba ka jiran sa, ɗauki waya ka kira. "Yaya, kai ka turo mini takarda ta imel yanzu?" Kada ka tambaya ta hanyar amsa imel ɗin, domin idan an shiga akwatinsa, ɓarawon ne zai ce maka "eh, ni ne."

Ta yaya zan gane fayil mai haɗari?

Fara da abu ɗaya wanda ba ya cin ko sisi. Windows yana ɓoye wutsiyar sunan fayil, wato harufan da ke bayan ɗigo na ƙarshe, kuma su ne ke faɗin ainihin abin da fayil ɗin yake. Cikakken sunan waccan wasiƙa ta 2000 shi ne LOVE-LETTER-FOR-YOU.TXT.vbs. Windows ya ɓoye .vbs ɗin, mutane suka ga .TXT suka ɗauka rubutu ne kawai. Har gobe ana wannan dabara. Buɗe kowace folda, je "View", ka sa alama a "File name extensions". A Windows 11 yana ƙarƙashin "View" sannan "Show". Daga ranar, abin da ya zo da sunan Rasit.pdf.exe ba zai ƙara yaudarar ka ba.

Wutsiyoyin da ba na buɗewa daga imel, ko daga wa suka zo: .exe, .scr, .bat, .cmd, .js, .vbs, .msi, .lnk, .iso da .img. Babu rasit ko takardar makaranta da ke zuwa a ɗaya daga cikinsu. Gmail ma yana hana tura yawancinsu, shi ya sa ake cusa su cikin .zip ko .rar, a sa kalmar sirri, a rubuto maka ita a jikin saƙon. Ka tsaya ka yi tunani: wanda ya kulle akwati ya ɗora makullin a kai, daga wa yake ɓoye kayan? Daga na'urar da ke duba bairos. Wannan alama kaɗai ta isa ka goge saƙon.

Sai fayilolin Word da Excel da ke buɗewa da duhu-duhu ko babu komai, su ce sai ka danna "Enable Content" kafin ka ga rubutun. Wannan maɓalli yana ba wasu ƙananan umarni da ke ɓoye cikin takardar izinin yin aiki, kuma ta nan Locky ya riƙa kulle wa mutane fayiloli a 2016. Tun 2022 Office na zamani yana toshe wannan ga duk takardar da ta zo daga intanet, amma kwamfutocin da nake gani da yawa suna kan Office 2007 ko 2010, waɗanda wannan gyara bai shafa ba.

PDF shi kansa galibi ba ya ɗauke da cuta, sai dai a sa masa hoto da maɓalli da zai kai ka wani shafi. Fayil mai wutsiyar .html ko .htm kuwa, kusan kullum shafin bogi ne na karɓar kalmar sirri.

Wane antibairos zan saya?

Idan kana kan Windows 10 ko 11, ga kwamfutar gida, amsata ita ce ba sai ka saya ba. Microsoft Defender yana cikin Windows tun daga Windows 8 a matsayin cikakken antibairos. A farkon zuwansa rauni gare shi, wannan gaskiya ne, kuma shi ya sa tsofaffin masu gyara har yanzu suke raina shi. Amma shekaru ke nan yana fitowa kafaɗa da kafaɗa da na kuɗi a gwaje-gwajen da cibiyoyi masu zaman kansu ke yi, irin AV-TEST ta birnin Magdeburg a Jamus da AV-Comparatives ta ƙasar Ostiriya. Sakamakonsu yana shafukansu, kowa na iya dubawa kafin ya fitar da kuɗi.

Na kuɗi irin Bitdefender, ESET ko Norton suna aiki, kuma suna zuwa da ƙarin abubuwa kamar kula da shafukan da yara ke shiga. Wanda ke so kuma yake da hali ya saya daga shafin kamfanin. Abin da ke ɓata mini rai shi ne halin da nake tarar da kwamfutoci a ciki: an saye ta da antibairos na gwajin wata ɗaya, gwajin ya ƙare shekara biyu da suka wuce, yana nan yana ta fito da jan rubutu, mai kwamfutar kuma yana ganin yana da mai gadi. Cire shi gaba ɗaya, Defender zai karɓi aikin da kansa.

Wanda ya fi wannan muni shi ne antibairos na sata, wanda aka fasa lasisinsa aka zuba maka daga filashi. Ka ɗauko mai gadi daga hannun wanda sana'arsa fasa ƙofa ce. Haka kuma masu zuba Windows a kasuwa sukan kashe Defender domin manhajar da ke buɗe lasisi ta samu yin aiki, su miƙa maka kwamfutar a haka. Shiga "Windows Security", ka tabbata "Real-time protection" a kunne yake, sannan ka duba "Exclusions", wato jerin wuraren da aka ce masa kada ya leƙa. Na sha ganin an sa faifan C gaba ɗayansa a wurin.

Na kyauta ma a buɗe ido. A Fabrairun 2024 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta sa kamfanin Avast biyan dala miliyan 16.5 saboda sayar da bayanan shafukan da masu amfani da shi ke shiga.

In sa guda biyu mana, don tsaro ya fi ƙarfi?

A'a. Ba a sarki biyu a gari ɗaya. Kowanne zai riƙa kama fayil a lokacin da ɗayan ke dubawa, kwamfutar ta yi nauyi, wani lokaci ta sandare. Abin da ya halatta shi ne babba ɗaya mai gadi kullum, da ƙarami da kake kira lokaci-lokaci ya yi sikanin ya tafi, kamar Malwarebytes na kyauta. Smadav, manhajar nan ta Indunusiya da ke kan kusan kowace kwamfuta a shagunan buga takardu, an yi ta ne don ta zauna gefen babban antibairos, ta fi ƙwarewa a kan cutar filashi. Kada ta zama ita kaɗai ce tsaronka.

Data tana da tsada. Dole ne sai na riƙa sabuntawa?

Na san zafin abin. Ka haɗa kwamfuta da wayarka don ka tura takarda ɗaya, kafin ka ankara Windows ya sha rabin datar wata. Shi ya sa mutane ke kashe sabuntawa gaba ɗaya, ni kuma shi ya sa nake ganin su a shago.

Sabuntawa iri biyu ce. Akwai ta antibairos, wato jerin sababbin cututtukan da aka gano. Wannan ƙarama ce, kullum take fitowa, kuma antibairos da ya yi wata shida bai karɓe ta ba, ɓarayin bara kawai ya sani. Akwai kuma ta Windows, wadda ke fitowa ranar Talata ta biyu a kowane wata, tana toshe kafofin da aka gano. Ita ce mai cin data. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma WannaCry ya nuna haka: ranar 12 ga Mayu 2017 ya kulle kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe kusan 150, asibitocin Ingila suka soke ganin marasa lafiya, alhali Microsoft ya fitar da gyaran tun watan Maris. Waɗanda suka karɓi gyaran bai taɓa su ba.

Dabarar ita ce ka sa layin wayarka a matsayin "Metered connection" don Windows ya daina sha ba da saninka ba, sannan sau ɗaya a wata ka sayi datar dare mai araha, ko ka je inda ake da wayifai, ka bar shi ya gama. Ka yi a lokacin da akwai wuta ko batirin ya cika, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar sabuntawa tana iya hana kwamfutar tashi.

Ga masu tsofaffin kwamfutoci: an daina yi wa Windows XP gyara a Afrilun 2014, Windows 7 kuma ranar 14 ga Janairu 2020. Windows 10 nasa ya ƙare 14 ga Oktoba 2025, sai dai wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi, wanda ya kai 13 ga Oktoba 2026 ga kwamfutar gida. Da yawa daga cikin kwamfutocin Beljiyam da muke saya ba za su ɗauki Windows 11 ba. Irin wannan, idan buga takarda da shiga intanet ne aikinta, Linux Mint, wanda ake zubawa a madadin Windows, kyauta ne kuma yana tafiya lafiya a kanta. Kwamfutar da ke kan Windows 7 kuwa, kada a shiga banki ko imel da ita.

Na riga na danna. Yanzu me zan yi?

Da farko yanke intanet: kashe wayifai, zare waya ko kebul. Yawancin abin da ke cikin imel ɗan aike ne kawai, aikinsa ya sauko da babban daga intanet, ya kuma kwashi kalmomin sirrinka ya tura. Zare duk filashi ko had-dis da ke jone.

Sannan ɗauki wata na'ura dabam, wayarka ma ta isa, ka canza kalmar sirrin imel ɗinka. Imel ne farko, domin ta nan ake sake kalmar sirrin duk sauran asusunka. Kada ka canza a kan kwamfutar da ta kamu, mai yiwuwa ana naɗar duk abin da ka buga. Idan ka taɓa barin burauza ta riƙe maka kalmomin sirri, ɗauka cewa duk sun tafi, ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Idan akwai lambar kati a ciki, kira banki su toshe katin.

Bayan nan sai wanki. A "Windows Security", ƙarƙashin "Scan options", akwai zaɓi mai kalmar "Offline". Kwamfutar za ta mutu ta tashi, ta yi sikanin na kimanin minti 15 kafin Windows ya farka, lokacin da bairos bai samu damar ɓuya ba. Idan ta dawo, yi cikakken sikanin, ka bi da Malwarebytes. Idan bayan duk wannan Defender yana kashe kansa, ko shafuka suna buɗewa da kansu, kwashe takardu da hotuna kawai, ban da manhajoji, a yi mata fomatin. Ni kwamfutar da ake harkar kuɗi da ita, idan na tabbata wani abu ya shiga, ba na ma tsayawa wanki.

Kuma don Allah a daina jin kunya. Mutum ya yi sati yana ɓoyewa kafin ya faɗa, a satin nan ake yin ɓarnar.

Fayilolina sun ƙi buɗuwa, an ce sai na biya kuɗi. In biya?

Wata ɗalibar digiri na biyu ta taɓa shigowa shagona da yamma, ta ajiye kwamfuta a kan tebur ba ta ko iya magana. Da na buɗe, duk takardunta sun koma farare, kowanne an ƙara masa wata baƙuwar wutsiya mai harufa huɗu. A kowace folda akwai ɗan fayil mai suna _readme.txt, yana neman dala 980, ko 490 idan ta biya cikin awa 72. Babi huɗu na aikin bincikenta suna ciki. Irin wannan shi ake kira STOP ko Djvu, kuma ya fi shiga ta manhajar sata. Ashe ƙaninta ne ya sauko da wata don ya buɗe lasisin Office.

Abin da mutane ba sa fahimta shi ne, antibairos zai iya cire cutar amma ba zai buɗe fayilolin ba. An murɗe su da lissafin da ba ya warwaruwa sai da makulli, makullin kuma yana hannun masu garkuwar. Tun daga CryptoLocker a 2013 haka abin yake. Ba na ba da shawarar biya. Babu tabbacin za su ba ka, kuma kuɗinka za su ɗauka su far wa na gaba.

Kafin ka yanke ƙauna, shiga shafin No More Ransom, wanda Europol, hukumar 'yan sandan Tarayyar Turai, da 'yan sandan Holan suka kafa a 2016 tare da kamfanonin tsaro. Za ka ɗora fayil ɗaya da ya kulle, su gaya maka ko akwai makullinsa kyauta. Wani lokaci ana dacewa. Idan babu, kwafe fayilolin da suka kulle ka ajiye a gefe, domin akan kama masu laifin bayan shekaru a saki makullan. Ka kuma yi hattara da masu cewa za su buɗe maka idan ka biya su, galibi damfara ce ta biyu.

Ita ɗalibar ba mu dace da makulli ba. Muna zaune na tambaye ta ko ta taɓa tura wa malaminta aikin. Muka buɗe akwatin saƙonnin da ta aika a wayarta, sai ga babi uku. Ta rufe fuska da mayafi tana ta hamdala. Na huɗun sai da ta sake rubutawa daga takardunta na hannu.

Antibairos bai ce komai ba, amma an shiga imel ɗina. Ta yaya?

Domin ba bairos ba ne, kai ka miƙa makullin. Saƙo ya ce akwatinka ya cika ko wani ya yi ƙoƙarin shiga, ka danna linki, ya kai ka shafi mai kama da na Google ko Microsoft sak, ka rubuta kalmar sirri. Babu fayil ɗin da ya sauka, don haka mai gadi bai ga komai ba. Da irin wannan saƙo aka shiga imel ɗin babban jami'in kuɗi na kamfanin Unatrac a 2018 aka karkatar da kusan dala miliyan 11, shari'ar da ta kai ga ɗaure ɗan kasuwar Najeriya Obinwanne Okeke shekara 10 a Amurka a Fabrairun 2021. Idan mai riƙe da kuɗin babban kamfani ya faɗa, ba wanda ya fi ƙarfin abin.

Kafin ka danna linki, ɗora linzami a kansa ba tare da dannawa ba, ainihin adireshin zai fito a ƙasa. Mafi sauƙi ma, rufe saƙon, ka rubuta adireshin shafin da hannunka. Sannan ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu a imel ɗinka, ta yadda ko an sace kalmar sirri sai an nemi wayarka. A cikin duk abin da na rubuta a nan, wannan shi ne aikin minti biyar da ya fi kowanne amfani.

Idan an riga an shiga, canza kalmar sirri bai wadatar ba. Wani Alhaji mai sayar da kayan gini ya canza tasa har sau biyu, amma ɓarayin suna biye da cinikinsa. Da muka duba saitin Gmail ɗinsa, a wajen "Forwarding" da "Filters", mun tarar an sa duk saƙon da ke da kalmar biyan kuɗi ya wuce wani adireshi. Saura kaɗan ya tura kuɗin kaya zuwa sabon asusun da aka ce mai kayan ya canza. Ɗansa ne ya ce, "Baba, bari mu kira shi tukuna." Mai kayan bai san zancen ba. Duk imel ɗin da ya ce an canza lambar asusu, a tabbatar da murya, a lambar da aka sani tun da. Banki kuma ba ya neman PIN, OTP ko BVN ta imel.

Idan kuɗi sun fita, banki za ka fara kira nan take, domin a awannin farko ne ake iya tare su. Bayan nan a kai rahoto ga EFCC ko sashen 'yan sanda na laifukan intanet. A Najeriya dokar laifukan intanet ta 2015 ta tanadi hukunci a kan wannan.

Abokaina sun ce ina tura musu saƙon banza. Kwamfutata ce ta kamu?

Ba lallai ba. Rubuta sunan wani a matsayin mai aikawa abu ne mai sauƙi, kamar rubuta sunan wani a bayan ambulan. Duba akwatin saƙonnin da ka aika da na shara, ka kuma duba jerin na'urorin da suka shiga asusunka a sashen tsaro. Idan ka ga baƙuwar na'ura ko baƙon gari, an shiga, bi matakan da ke sama. Idan babu, sunanka kawai aka ara. Ko yaya ne, sanar da mutanenka kada su buɗe.

Shafi ya cika mini fuskar kwamfuta yana ƙara, wai na kamu da bairos biyar.

Talla ce ta 'yan damfara. Shafin intanet ba ya iya duba cikin kwamfutarka. Kada ka kira lambar da suka sa, kada ka sauke abin da suka ce. Danna Ctrl da Shift da Esc tare, jerin manhajojin da ke aiki zai fito, ka kashe burauzar daga nan. Idan gargaɗin yana ta fitowa a kusurwar dama ta ƙasa, wani shafi ka taɓa ba izinin turo sanarwa, sai ka shiga saitin burauza ka cire shi.

Haka saƙonnin da ake yaɗawa cewa a goge wani fayil, a tura wa kowa. A 2002 an yi na jdbgmgr.exe, mai hoton 'yar tsana, mutane suka yi ta gogewa, alhali fayil ne na Windows mai lafiya.

Ina da fayil ina shakka, kuma ina bukatar sa. Akwai inda zan gwada?

Akwai VirusTotal, wanda Google ya saya a 2012. Ka ɗora fayil ko linki, antibairos kusan 70 su duba shi lokaci guda. Abu biyu za ka riƙe. Sabon bairos na iya wucewa ba wanda ya gane shi, don haka koren sakamako ba rantsuwa ba ne. Sannan abin da ka ɗora yana zama a wurinsu, masu bincike na iya gani, don haka ban da takardar banki, fasfo ko sirrin aiki. Takardar Word ko PDF kuwa, duba ta a cikin Gmail ɗin ba tare da saukewa ba ya fi aminci.

Na kai filashi shagon buga takarda, foldodina duk sun koma masu 'yar kibiya.

Wannan ba ta imel yake zuwa ba, amma kullum sai an tambaya. Fayilolinka suna nan, ɓoye su aka yi. Kada ka danna masu kibiyar, su ne tarkon. Yi wa filashin sikanin, sannan ka buɗe "Command Prompt" ka rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* kana mai sauya E da harafin filashinka. Nan gaba tura takardar a matsayin PDF ta WhatsApp ko imel ɗin shagon, kuma kada ka shiga imel ɗinka a kwamfutarsu.

Ni da maigida da yara duk kwamfuta ɗaya muke amfani da ita. Ya zan yi?

Hajiya, buɗe wa kowa asusunsa, na yaran ya zama "Standard", ba mai cikakken iko ba. Duk abin da zai zauna a kwamfutar sai ya nemi kalmar sirrin babba, kuma wannan kaɗai yana tare wasannin sata da yara ke saukowa da su. Ke ma ki riƙa aikin yau da kullum da irin wannan asusu.

Sai ajiya. Google Drive yana ba da gigabait 15 kyauta, OneDrive yana ba da 5, sun isa takardun makaranta, na fili da na kasuwanci. Hotunan biki da na suna kuma a sayi had-dis na waje. Ki zaɓi rana ɗaya, ni Juma'a da dare nake yi: a jona, a kwafe, a buɗe fayil ɗaya ko biyu daga ciki a tabbata suna buɗuwa, sannan a zare shi a sa a durowa. Zarewar tana da muhimmanci, domin had-dis ɗin da ke jone lokacin da mai garkuwa da fayiloli ya shigo, tare da kwamfutar ake kulle shi.